Dalilin da Ya Sa Asu Ya Cika Adudu, 'Yar-Sarewa Ta Ɓace

Dalilin da ya sa ba gidan da za ku shiga a buɗe adudun tufafi ba ku tarar asu ya riga kowa isa ba, amma ku zaga daji tun daga fadama har kan dutse ba za ku ji kukan 'yar-sarewa ba, shi zan gaya muku yau. Ku matso cikin inuwa, ku daina zura yatsa a hujin zanen nan, abin da ya same shi ya ishe shi. Kada kowa ya ce mini bai san 'yar-sarewa ba. Na san ba ku san ta ba. Ni ma da na tsufa haka ban taɓa ganin ta ba, kakata ma ba ta gan ta ba. Abin haushin ke nan.

Can da, akwai wani gari da ake ce wa Kukar Masaƙa. Duk namijin da ke garin masaƙi ne, duk macen da ke cikinsa kuwa mai kaɗi ce. Da gari ya waye sai mata su ɗauki mazari su zauna a tsakar gida suna murza zare, maza su jeru a rumfa gindin kuka suna jefa ƙoshiyar saƙa, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, har azahar.

A bakin rafin garin akwai wata babbar bagaruwa, a kanta 'yan-sarewa suke zaune, ɗaruruwa. 'Yar-sarewa tsuntsuwa ce 'yar mitsitsiya, ko rabin kurciya ba ta kai ba. Bayanta shuɗi ne kamar zanen da ya shiga marina sau uku, ƙirjinta ja kamar tsakiyar goro. Amma ba don kyanta ake maganarta ba, don muryarta ne. In ta buɗe baki da hantsi, sai ka rantse wani makiyayi ne ya zauna a bayan gari yana busa, sai dai tata ta fi taushi. Masaƙa da waƙarta suke daidaita ƙafa. Jaririn da ya ƙi barci, in aka fita da shi wajen rafi sai ya yi shiru.

To, akwai wata al'ada a garin. Kun san kafin a yi saƙa sai an yi wadari, wato a miƙe dogayen zaruruwa a jikin turaku, waɗanda aka murza da kyau aka tsoma a ruwan ƙullu suka yi ƙarfi. In masaƙi ya saƙe wadarinsa ya zo ƙarshe, akan sami kamar kamu guda wanda ba ya saƙuwa, don ya yi gajarta. Wannan sai ya sa wuƙa ya yanke, ya taka da ƙafarsa har bakin rafi ya rataya a ƙayar bagaruwa. Ana ce masa rabon tsuntsu. Ba wanda ya san wanda ya fara, kowa ya tashi ne ya ga ubansa yana yi. Da wannan zare 'yar-sarewa take saƙa sheƙarta, don sheƙarta ba a kan reshe take zama ba, lilo take yi a ƙarƙashinsa kamar 'yar jaka. Ciyawa ba ta riƙe ta, in ruwa ya duke ta sai ta ruɓe. Zaren wadari kaɗai ke jure damina.

Asu kuwa a lokacin ba kowa ba ne. Wani ɗan abu ne mai launin toka, ba murya, ba kyan gani, yana raɓe a ƙarƙashin masaƙa yana lasar burbushin auduga. Danginsa ba su da yawa, don duk wanda ya ɗaga fiffike ya fito sarari, 'yar-sarewa ta cafke shi. In damina ta wuce mata suka shanya tufafi a kan danga, sai tsuntsayen su sauko su bi ninki-ninki suna tsince 'ya'yan asu. Maza ba su lura da wannan ba, suna can rumfa. Mata su suka sani.

Wadda ta fi kowa sani ita ce wata tsohuwa mai suna Tabawa. Ba mai kaɗin da ya kai nata siranta a garin, ba kuma mai bakin da ya kai nata kaifi. Ita ce yayar Jatau, Sarkin Masaƙa. Uwarsu ta rasu yana jariri, ita ta goye shi har ya yi ƙafa.

Wata shekara wani falke ya sauka a garin yafe da mayafi mai geza, zare yana reto a bakinsa yana kaɗawa in ya yi tafiya. Mutane suka yanyame shi, wannan ya taɓa, wancan ya taɓa, aka bar Sarki Jatau zaune shi kaɗai da mayafinsa mai yankakken baki. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma masaƙarsa ya zauna yana cizon yatsa, ko ƙoshiya ya kasa jefawa.

Sai ya ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin ƙafarsa. Asu ne.

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni izini in yi magana, ni bawanka marar galihu."

"Faɗi."

"Gezar nan da ta hana ka sukuni, ai ba wani abu ba ne illa ƙarshen wadari. Su a garinsu ba sa yankewa, tufkewa suke yi su bar shi a jiki. Ku kuwa kun fi su zare, kun fi su hannu, amma adonku kuke ɗauka ku kai wa tsuntsu ya kwanta a kai."

Kafin la'asar Jatau ya tufke ƙarshen wadarinsa, ya yafa, ya zaga gari. Kafin kwana uku labari ya bazu cewa Sarki zai hana rabon tsuntsu.

Tabawa ta ji a bakin rijiya. Ko tulunta ba ta tsaya ɗauka ba, ta miƙe sai zauren ƙanenta, ta tarar da shi da 'yan zaman fada.

"Jatau, me nake ji?"

"Yaya, a gaban mutane Sarki ake cewa."

"Lokacin da kake yi mini fitsari a baya, ba a gaban mutane kake yi ba? Na ce me nake ji?"

'Yan zaure suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Jatau ya gyara zaman gezarsa ya ce ba a yanke komai ba tukuna, gobe da hantsi za a taru a gindin kuka, a kira tsuntsuwar, a kira asu, a gwada su a ga wanda ya fi cancanta da alherin gari.

"A gwada 'yar-sarewa da asu?" in ji Tabawa. "Kai, Allah ya sawwaƙe. Gobe ma ka gwada zuma da ruwan wanki."

Washegari gari ya taru. Aka ajiye faifai a tsakiya. Uwar 'yan-sarewa, wadda ta fi su shekaru, ta sauko ta tsaya a gefe ɗaya tana gyara gashinta. Asu ya rarrafo ya kwanta a ɗaya gefen, ya naɗe fikafikai kamar mai jin sanyi. Sarki ya sa wani masaƙi mai suna Barmo ya yi tambaya. Barmo kuwa irin mutanen nan ne da in Sarki ya yi tari sai su ce madalla.

Barmo ya dubi tsuntsuwa ya ce, "Ke, a shekara me kike karɓa a hannunmu?"

Ta ce, "Ƙarshen wadari, wanda ba ya saƙuwa."

"Kai fa, asu?"

"Ni? Ban taɓa karɓar ko zare ɗaya ba. Abin da ya faɗi ƙasa nake lasa, in gode wa Allah."

Jama'a suka ce, "Allah sarki."

"Ke, wa ya fi wani damun mutane da hayaniya?"

Ta ce, "Ban san hayaniya ba ce. Waƙa nake yi."

"Kai fa?"

"Wa ya taɓa jin muryata in ba yau ba?" in ji asu.

"Ke, dubi jikinki, shuɗi da ja, kamar mai zuwa biki kullum. Shi kuwa dubi bawan Allah, rigar toka ɗaya tun da aka haife shi. To yanzu gaya mana, ban da waƙa, me kike yi wa garin nan? Don waƙa dai ba a ɗaura ta a ƙugu."

Aka kwashe da dariya. 'Yar-sarewa ta dubi asu, ta dubi ƙasa. Tabawa ta gane abin da ya hana ta magana. Kunya ce. Tsuntsuwa ce mai tarbiyya, ba za ta iya buɗe baki a gaban mutum ta ce ita ke cin 'ya'yansa ba, ko da mutumin asu ne.

Tabawa ta kasa daurewa. Ta ture na gabanta ta fito fili.

"In ita tana jin kunya, ni ba na ji! Ku maza, wa kuke tsammani yake tsare muku riguna? Duk kaka in mun yi shanya, ita ke bi tana tsince 'ya'yan wannan munafuki daga cikin ninki. Ba don ita ba, da tuni kuna yawo da ganye. Ku tambayi matanku!"

Mata suka ɗauki guɗa suna cewa gaskiya ne. Amma kafin maganar ta zauna, sai asu ya kife a kan faifai ya fara rawar jiki.

"Kun ji da kunnenku," ya ce cikin shessheƙa. "Ni ban so in faɗa ba. 'Ya'yana, ranka ya daɗe. Shekara da shekaru. 'Yan marayu sun fito shan hantsi a kan danga, ba su ci na kowa ba, sai a bi su ɗaya-ɗaya. Ga mai yi nan, da bakin da take muku waƙa."

Wani dattijo har da share ƙwalla. Barmo ya riƙe baki ya ce, "Ashe mai kisan kai muke ciyarwa!"

Gaskiyar da Tabawa ta fito da ita don ta ceci tsuntsuwa, ita aka juya aka soke ta da ita.

Sarki Jatau ya miƙe, gezarsa tana kaɗawa. Ya ce daga yau ba rabon tsuntsu, duk ƙarshen wadari a tufke shi geza. Duk tsuntsun da ya sauka a kan shanya a kore shi. Asu kuwa, tun da an zalunce shi, an ba shi mafaka, ya shiga adudu ya zauna da iyalinsa inda baki ba zai kai gare su ba.

"A cikin adudu?" in ji Tabawa. "Tare da tufafin? Jatau, da na san haka kanka zai zama, da na sauke ka na goyi tulu."

"A fitar da ita," in ji Sarki. Amma ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta, ita ta fita da kanta tana tsaki.

'Yar-sarewa ta rusuna wa Sarki, ta rusuna wa jama'a, ta tashi ta koma bagaruwa.

Daminar farko tsuntsayen suka yi sheƙa da ciyawa. Ruwa na uku ya zubo da su gaba ɗaya. Tabawa ta je bakin rafi da safe ta tarar da gindin bagaruwa ya yi shuɗi-shuɗi da fasassun ƙwai. Ta koma gida ta kwaso zaren da ta kaɗa ta rataya musu. Suka karɓa da godiya suka saƙa, amma zare ne ɗanye, bai sha ƙullu ba, bai sha jan masaƙa ba. Ya jiƙe, ya saki, sheƙuna suka sake zubowa.

Ta bi masaƙa ɗaya-ɗaya tana roƙo. "Ɗan'uwa, kamu guda kawai, ba wanda zai sani." Wannan ya ce yana tsoron Sarki, wancan ya ce in ya yanke geza matarsa ba za ta ɗaura zanen ba. Wani ma ya ce, "Iya, tsuntsayen nan da yawansu, ai ba za su ƙare ba. Ji yadda suke waƙa." Gaskiya ne kuwa, suna waƙa. Ba su fasa ba ko rana ɗaya, shi ya sa ba wanda ya ga abin da ke faruwa. Tsofaffi suna mutuwa, ba ƙananan da za su maye gurbinsu.

Damina ta biyu Tabawa ta ɗauko zanen uwarsu, wanda ta gada, ta zauna kwana tara tana warware shi zare-zare tana fitar da na wadari. Ya isa sheƙa biyu. Ta uku ta warware mayafinta na zuwa suna. Ta huɗu ba ta da sauran abin warwarewa sai wanda ke jikinta.

A cikin shekarun nan mata suka fara ganin 'yan huji a tufafi, nan ɗaya, can biyu. Suka kai ƙara. Maza suka ce ɓera ne, ko kuwa sakacin mata ne da ba su iya ninki ba. Asu kuwa yana ciki yana lallaɓawa, bai saki jiki ba tukuna, don har yanzu in 'ya'yansa suka yi fiffike suka fito neman sabon adudu, akwai sauran bakin da ke jiransu a waje.

Da bazara ta biyar ta kama, Tabawa ta lura waƙar hantsi ta zama siririya, kamar zaren da ke shirin tsinkewa. Ran nan ana taron suna a ƙofar gidan Barmo, Sarki yana zaune a kan buzu, ya yafa wani sabon mayafi mai geza har gwiwa, maroƙa suna zuba masa kirari. Sai ga Tabawa ta ratso maza da 'yar wuƙarta ta yankan kuɓewa. Kafin kowa ya ankara ta damƙi bakin mayafin, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ta yanke gezar tas ta dunƙule a hannu.

"Yaya! Kin haukace ne?"

"Ni na kaɗa zaren nan, da yatsun nan. Ban kaɗa shi don ya riƙa share maka ƙasa ba. In kana da dogarin da zai kama ni, ga ni. In kuwa babu, matsa mini in wuce."

Ba wanda ya motsa. Ta wuce, ta bar Sarki da gundulallen mayafi.

Ta isa bagaruwa tana haki, ta ɗaga zaren sama ta ce, "Ku sauko, ga rabonku! Na Sarki ne ma, mai kyau!"

Tsuntsuwa ɗaya ta sauko. Ba uwar nan ta ranar faifai ba ce, waccan ta daɗe da mutuwa. Wata ce daga cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a zanen uwar Tabawa.

"Ina sauran?" in ji Tabawa.

"Iya, ni ce sauran."

"Mijinki fa?"

"Shekaranjiya ya faɗo."

Tabawa ta zauna a ƙasa da zare a cinya. Tsuntsuwar ta matso ta ɗauki sili ɗaya a baki.

"Kawo, Iya. Ba a mayar da hannun alheri da kayansa. Zan saƙa. Wa ya sani, ko akwai wani namu a wani rafin da zai ji ni."

Ta saƙa sheƙa wadda ba a taɓa ganin mai kyanta ba. Ta hau kanta ta yi ta waƙa, tana yi tana tsayawa tana saurare. Kwana bakwai tana kira. Kwana bakwai Tabawa tana zuwa da mazarinta ta zauna a gindin itacen, ita ma tana kasa kunne ko za a amsa daga wani wuri. Ba a amsa ba. A rumfar masaƙa kuwa Barmo cewa ya yi, "Kun ji ko? Ana ta cewa sun ƙare, ga shi har ta fi da ƙarfi."

Rana ta takwas hantsi ya yi, gari ya ji shiru. Masaƙa suka zauna, ƙafa ta ƙi daidaita, wannan ya jefa ƙoshiya ta faɗi, wancan zarensa ya tsinke. Suna duban juna, ba su san abin da ya ɓace ba. Tabawa ita ta sani. Ta je ta sauko da sheƙar da abin da ke cikinta, ta haƙa rami a gindin bagaruwa ta rufe, ba ta kira kowa ba.

Damina ɗaya tak asu ya samu ba mai tsare masa hanya. Ɗaya tak.

Da Sallah ta matso, jajibiri, kowane gida aka sauko da manyan adudai don a fitar da kayan ado. Matar Barmo ta buɗe nasu, sai wani hayaƙi mai fikafikai ya tashi ya cika ɗaki. Ta ɗaga zanenta, ta hango mijinta ta cikinsa. Kururuwa ta tashi a wannan gida, ta tashi a wancan, har gari ya ɗauka. Sarki Jatau ya sa aka kawo babbar rigarsa wadda masaƙa goma sha biyu suka yi wa aiki. Ya kama wuyanta ya ɗaga, wuyan ya biyo hannunsa, sauran ya zube ƙasa kamar dussa.

"A kira mini asu!"

Ba sai an kira ba. Suna kan bango, suna kan rufi, suna cikin rawaninsa. Tsohon asun nan ya sauko ya zauna a kan gwiwar Sarki, ya yi ƙiba har fikafikansa ba sa rufe shi.

"Kai, wannan wace irin cin amana ce? Na ba ka mafaka!"

"Ka ba ni, ranka ya daɗe, Allah ya saka. Iyali ne suka yi yawa. Da akwai mai rage mu, yanzu babu. Yaro kuwa in ya ji yunwa, abin da ke kusa da shi yake ci."

Sarki ya kai masa duka, ya tashi, tafin ya sauka a gwiwar Sarki. Ya sake kai wa wani, goma suka taso.

Da la'asar sai ga Jatau a ƙofar Tabawa, ba rawani, ba 'yan rakiya, yana sanye da wata tsohuwar taguwa mai huji a kafaɗa. Ta ci gaba da kaɗinta, ba ta ɗaga kai ba.

"Yaya."

"Yau ba Sarki ba ne?"

"Yaya, ki yi wa Allah ki kira ta. Ke take ji. Ki ce mata an mayar da rabon tsuntsu. Ba kamu guda ba, wadari sukutum, duk wanda take so."

Tabawa ta ajiye mazari. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"In kira wa?"

"'Yar-sarewa mana."

"Yaushe rabonka da jin ta?"

Ya ƙirga a zuci, ya kasa.

"Wata huɗu, Jatau. Wata huɗu ke nan da na binne ta ƙarshe da hannuna, a cikin gezarka. Gari guda, ba wanda ya zo ya tambaye ni ina ta shiga. Sai yau da rigarka ta mutu ka tuna da ita? Kamu guda take karɓa, wanda ba ya saƙuwa, a waje, da rana, kowa yana gani, ta biya ku da waƙa. Kuka ce ta cika ci. Ga marar ci nan kun samu."

"Ko a wani gari ba za a samu ba?"

"Kwana bakwai tana tambayar haka da bakinta. Je ka, kana tare mini haske."

Bai yarda ba. Ranar Sallah, maimakon a yi ado, masaƙa suka kwashe duk wadarin da ya rage a gari suka kai bakin rafi suka lulluɓe bagaruwa da shi, ta yi fari fat kamar gonar auduga. Suka tsaya suna duban sama. Barmo har da gwada busa da baki wai ko za ta amsa, sai ya tarar ya manta yadda waƙar take, ya tambayi na kusa da shi, shi ma ya manta. Suka wuni a nan. Da rana ta yi sanyi sai suka ji motsin fikafikai yana tahowa, suka miƙe da murna. Asu ne, garke guda, sun ji ƙanshin zare.

Tabawa ba ta je ba. Da aka zo aka gaya mata, cewa ta yi, "A bar su su ci. Ai su aka zaɓa."

Shi ya sa har yau asu yake cikin adudu, yana ci ba sallama, ba godiya, ba ko 'yar waƙar da zai rage mana haushi, kuma in kun kashe ɗaya goma za su taso. Shi ya sa har yau in damina ta wuce sai mun kwashe tufafi mun baza a rana, mu bi ninki-ninki da yatsunmu muna kakkaɓewa, aikin da a da ake yi mana a kan guntun zaren da ba shi da amfani. 'Yar-sarewa kuwa sunanta kaɗai ya iso gare mu. Kada ku ce in yi muku waƙarta, ban iya ba, ba kuma wanda ya rage a duniya da ya iya.